Ruwan Baƙo

Kafin in fara, ku yi mini afuwa. Ni mai karatu ce, ba mai rubutu ba. Duk littafin da ya faɗo hannuna sai na kai ƙarshensa, amma ban taɓa zaton zan jera nawa layukan ba. Wannan shi ne na farko, a bayan wani tsohon kayen lakwal, wato littafin rubutun 'yan makarantar boko, na rubuta shi, na goge ban san sau nawa ba. Magana ce ta manya, kuma na san ban kai in sa baki a cikinta ba. In kun ga inda na yi tuntuɓe, ku ɗauke kai. Ga shi dai.

A garin Aduwa Uku, can arewa da Gangara, gidajen masu bin Almasihu bakwai ne. Ko an haɗa da jarirai ba su cika mutum arba'in ba. Majami'arsu ɗaki ne na laka, da benci shida da wata tsohuwar ganga da ta sha ɗinki. Yawancinsu daga wajen Maraɗi suka zo, shekara talatin da suka wuce, a bayan Iliya mai haƙar rijiya. Shi ya haƙa babbar rijiyar garin, gaba arba'in da biyu, kuma saboda ita aka bar su suka zauna lafiya.

Iliya ya rasu shekara shida ke nan. Ya bar matarsa Halimatu, wadda Allah bai raya mata ɗa ko ɗaya ba, sai dai ɗan yayarta, Idrisa, da aka miƙo mata yana da wata huɗu ranar da uwarsa ta cika. Ita ta goya shi, ita ta raka shi lakwal ranar farko yana kuka, ita ta yi masa aure. Bai taɓa kiran wata mace Inna ba sai ita.

To, a shekarar da aka yi zaɓen konseyoyin meri, wato kansilolin ƙaramar hukuma, sai ga sunan Idrisa a jerin 'yan takarar wata jam'iyya, na biyu daga sama. Ba a taɓa ganin sunan mai bi a irin wannan takarda ba a duk yankin. Ɗan takarar ɗaya jam'iyyar daga garin kuwa Alhaji Mukhtar ne, mai raƙuma, wanda ko gaisuwa yake yi sai ka zaci faɗa ne.

Ranar Alhamis da hantsi Halimatu na ɓarar wake a tsakar gida, Malam Audi, dattijon ikilisiya, ya yi sallama.

"Sannu da aiki, uwar konseye."

"Konseyen da ko ƙuri'a ɗaya ba a jefa masa ba? Ga tabarma, Malam."

Ya zauna da ƙyar saboda gwiwa, ya jingina sandarsa. Bayan sun gama tambayar awaki da ciwon baya, ya ce, "Ranar Lahadi za mu ɗora wa yaron nan hannu, mu yi masa addu'a. Kin san yadda muke yi. Ke za ki tashi."

Ta sani. A majami'ar Aduwa Uku ba a ɗora wa mutum hannu don wani aiki, ko na riƙon makulli ne, sai wanda ya rene shi ya tashi ya ba da shaida a gaban jama'a. Tambaya uku ake yi. Yana cin guminsa? Yaya yake da mutanen gidansa? Ta ukun kuma: akwai wani abu tsakaninsa da wani mutum wanda bai gyara ba? Mijinta ne ma ya kawo wannan tsari. Ya kan ce shi bai taɓa shiga rijiya ba tare da ya murza igiya da hannunsa tun daga kai har gindi ba.

"Matarsa fa, Malam? Ita ke kwana da tashi da shi."

"Matarsa da gemunsa ta same shi. Ke kika san shi tun bai san kunya ba." Ya yi dariya. "Mene ne, Halimatu? Ko tsoron tsayuwa gaban mutane kike, ke da kike jan waƙa?"

Ta ce ba komai. Ya tafi yana murna. Ita kuwa waken ya tsaya a hannunta, don tambaya ta uku ta riga ta zauna mata a ƙirji.

Abin ya faru ne a bazarar da ta wuce. Idrisa shi ne shugaban komiten rijiya, shi ke raba wa masu bisashe lokacin shayarwa, wane da asuba, wane da hantsi. Amma akwai ka'ida ɗaya da ta girmi komiten. Tun ranar da ruwa ya ɓullo a rijiyar, maigari na wancan lokacin ya yi shela cewa baƙon da ya iso da ƙishirwa, shi da dabbarsa, ranar farko ba a tambayarsa layi. Ko wane ne ke kan igiya sai ya saki, a cika wa baƙo komi. Ruwan baƙo ake ce masa, ko yaro ya san shi.

Ran nan Halimatu ta je ɗiban ruwa da bido biyu, jarkokin roba, a kan jaki. Sai ga wani Bafillace, Juli sunansa, ya gangaro daga arewa da iyalinsa da shanu kamar talatin, haƙarƙarinsu a waje, harshe a zazzage. A lokacin garken wani attajiri ne ke sha, mutumin da ke da ƙarfin faɗa a ji a jam'iyyar da Idrisa ke neman shiga jerinta. Juli ya cire malfarsa, ya durƙusa, ya roƙi ruwan baƙo. Da kunnenta ta ji Idrisa ya ce yau igiya ta cika, su ƙarasa rijiyar gaba. Ya ba su wasaki ɗaya mutanen suka sha, shanun kuwa aka kore su daga bakin komi da sanda. Rijiyar gaba tafiyar yini ce. Bayan kwana uku labari ya zo cewa shanu shida sun faɗi a hanya.

Da maigari ya kira komite ya tambaya, tana bayan zana tare da matan gidan. Idrisa ya ce, da muryar nan tasa mai sanyi da kowa ke yabo, "Ranka ya daɗe, ba wanda ya roƙe ni ruwa. Daga nesa suka tsaya, suka wuce." Masu jan igiyar ran nan yaran attajirin ne, ba wanda ya musa. Ita ma ba ta musa ba. Ta koma gida ta yi masa tuwo kamar kullum.

Duk yinin Juma'a tana aiki tana gardama da kanta. Wace ce ita da za ta auna halin mutum? An koya musu cewa zuciya Allah kaɗai ke ganinta, kuma mai saurin yanke wa wani hukunci yana jawo wa kansa. Amma ai ba zuciyarsa za a tambaye ta ba. Abin da ta gani za a tambaye ta. Kuma ba gidan Aljanna za a raba ranar zaɓe ba, rijiyoyi ne da burtali da gonakin mutane za a damƙa wa wani. Wanda aka ba rijiya ɗaya ya yi haka da ita, in aka ba shi arba'in fa?

Sai wata zuciyar ta ce mata: namu ne. Shekara talatin suna zaune kamar masu aron wuri. Filin da suke binne matattunsu, can bayan tudu inda Iliya ke kwance, ba shi da takarda ko ɗaya. Bara ma wani ya matso da gonarsa har kusa da kabarin farko. Idrisa ya yi alkawari in ya shiga meri, takardar filin nan ce aikinsa na farko. Wa zai yi musu wannan? Alhaji Mukhtar, da ke kiranta uwar 'yan Lahadi a tsakiyar kasuwa?

Da ta tuna Alhaji Mukhtar sai ta tuna wani abu da ba ta so ta tuna ba. Shekara uku da suka wuce raƙuma suka shiga gonar wakenta suka yi mata kaca-kaca. Ba wanda ya gan su. Tana tsaye tana duban ɓarnar da safe, ba ta ma san na wane ne ba, sai ga shi yana tafe yana zage-zage.

"Nawa ne, uwar 'yan Lahadi. Shegun raƙuman nan nawa ne. Ke ma da ganganci, wa ya ce ki yi gona a bakin hanya ba shinge?"

Ya zagi raƙuman, ya zagi makiyayinsa, ya kusa zaginta, amma kafin azahar an sauke mata damin harawa da buhun wake a ƙofar gida. Ba ta ce mutumin kirki ne ba. Ta san yana da rowa, ta san ya taɓa marin wani a kan kuɗin awo. Abu ɗaya dai ta sani a kansa: da ya yi laifin da ba mai shaida, da ƙafarsa ya zo ya ce nasa ne.

Ranar Asabar bayan la'asar ta yafa mayafinta ta nufi rumfar kampanye. A wurinsu ba a kai laifin ɗan'uwa gaban jama'a sai an fara samunsa shi kaɗai. Ta yi wata bakwai tana bin wannan ka'ida rabi: ba ta kai shi gaban jama'a ba, ba ta kuma same shi ba.

Samari na ta shan shayi, rediyo na tashi. Idrisa ya hango ta, ya taso da sauri cikin farar riga, ya rusuna.

"Inna, da kin aiko ai da na zo. Ku kawo wa Inna kujera."

"Ba zama na zo yi ba. Raka ni."

Suka taka har gindin aduwa ta uku, inda ba mai jin su. Ta dube shi. Har yanzu tabon nan na goshinsa, na ranar da ya faɗo daga jaki, yana nan.

"Idi, gobe za a tambaye ni tambaya uku. Biyu ba su dame ni ba."

Ya yi murmushi. "Ta ukun ma ai ba wata matsala. Wa nake faɗa da shi?"

"Juli."

Murmushin bai tafi nan take ba, a hankali ya janye. "Wane Juli?"

"Ina bakin rijiya ran nan, da jakina. Ina bayan zana kuma ranar da ka amsa wa maigari."

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, ba musu ya yi ba, kuma ta gode wa Allah da wannan. "Inna, shanun nan ko sun sha ruwa ba za su kai ba. Kin ga yadda suke."

"Wataƙila. Ba mu ba su mun gani ba."

"In da na saki igiyar mutumin nan ran nan, da yau sunana ba ya kan takarda. Kin san haka? Kina tsammani don son kaina na yi? Don mu ne. Don kabarin Baba ne. Sau ɗaya a shekara talatin Allah ya buɗe mana ƙofa."

"Babanka ya yi wata goma sha ɗaya a cikin ramin nan, yana fitowa ba ya iya miƙe bayansa. Kana ganin zai yarda a kare masa kabari da ruwan baƙo?"

"To me kike so in yi? In tayar da shanun?"

"Juli da iyalinsa sun sauko. Suna kwari, a kan karan gonaki, jiya na sayi nono wurin matarsa. Ka je ka same shi. Ka je ka sami maigari ka gyara maganarka. In ka yi, gobe zan tashi in ce babu, da bakina a buɗe."

"Saura kwana takwas zaɓe, Inna. In maganar nan ta fita, Alhaji Mukhtar har a lasifika zai sa ta. Bari a gama. Na yi miki alkawari, washegarin zaɓe zan je."

"In ka ci, za ka ce bari a rantsar da kai."

Ya matso, ya rage murya, ya koma yaron da ke roƙonta kada ta faɗa wa Iliya ya ɓatar da akuya. "Ba ƙarya na ce ki yi ba. Ki faɗi alherin da kika sani kawai. In an zo ta ukun, ki ce ke dai ba ki da abin cewa. Ni ɗanki ne fa."

"Don kai ɗana ne ake tambayata."

"In kika kunyata ni gobe," ya ce, bai ƙarasa ba. Ya gyara hularsa ya koma rumfa. Ta ji an yi masa tafi da ya shiga.

Ranar Lahadi majami'a ta cika har da waɗanda sai Kirsimeti ake ganinsu. Mata sun ɗaura sababbin zannuwa. Aka yi waƙa, aka yi karatu, aka yi wa'azi gajere don kowa ya san abin da ake jira. Halimatu na zaune a bencin mata na gaba, ba ta ja waƙa ba, ta ce maƙogwaro ne. Idrisa na gefen maza, bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Ta duba takalmansa da suke ƙofa lokacin da za ta shiga, a goge suke tas, ba alamar ƙasar kwari.

Malam Audi ya kira shi ya tsaya a tsakiya, sannan ya ce, "Halimatu, matar Iliya, ke kika rene shi. Tashi ki gaya wa 'yan'uwa. Yana cin guminsa?"

Ta tashi, ta riƙe bakin benci. "Yana ci. Tun yana ɗan shekara tara yake bin babansa gona. Ban taɓa ganin abin wani a hannunsa ba."

"Yaya yake da mutanen gidansa?"

"Matarsa ga ta nan, ba ta taɓa zuwa mini da kuka ba. Ni kuwa, tun da mai gidana ya kwanta ciwo shi ke juya shi, shi ke yi masa wanka. Ban taɓa kwana da yunwa yana gari ba."

Mata suka yi ta gyaɗa kai. Wata ta ce amin. Malam Audi ya riga ya fara ɗaga hannu, ya yi tambaya ta uku da sauri, kamar mai rufe ƙofa a bayansa.

"Akwai wani abu tsakaninsa da wani mutum wanda bai gyara ba?"

Ta dubi ƙeyar Idrisa, ƙeyar da ta sha aske wa da aska a tsakanin gwiwoyinta.

"Akwai," ta ce.

Hannun Malam Audi ya tsaya a sama.

"Akwai, Malam. Na same shi shi kaɗai na faɗa masa. Ba zan faɗe shi a nan ba, bakinsa ne ya kamata ya faɗa, ba nawa ba. Ni ma ina da nawa laifin a ciki, don na gani na yi shiru wata bakwai. Shi ke nan abin da na sani."

Ta zauna.

Wani jariri ya fara kuka, uwarsa ta toshe masa baki da nono. Daga bayan ɗaki wani mutum ya ce, "Haba, Inna Halimatu, yau ce ranar wannan? Mu nawa ne a garin nan da za mu tone wa namu asiri?"

"Ba ta tone komai ba," in ji Malam Audi a hankali. Ya sauke hannunsa. "An tambaye ta ta amsa. In ba ma son amsa, da ba mu tambaya ba." Ya juya ga Idrisa. "Ɗana, ba mai tilasta maka. In ka ce mu ɗaga, sai mu ɗaga."

Idrisa ya tsaya kamar an dasa shi. Halimatu ta rufe ido, ba ta san ma me take roƙo ba.

"Maganar rijiya ce," ya ce daga ƙarshe. Muryar ba ta yi kama da tasa ba. "Bafillacen da shanunsa suka faɗi da bazara. Ya roƙe ni ruwan baƙo. Na hana shi. Na kuma ce wa maigari bai roƙa ba." "Abin da tsohuwa ta faɗa gaskiya ne."

Tsohuwa, ya ce. Bai ce Inna ba. Ta ji kalmar ta shige ta kamar ƙaya, amma ta ji sauran maganar ma.

"To yanzu wa za mu zaɓa?" in ji mutumin bayan ɗaki. "Alhaji Mukhtar?"

"Kowa da ƙuri'arsa, kowa da idonsa," in ji Malam Audi. "Saura kwana bakwai. Ku duba abin da wannan zai yi da su, ku duba wancan ma. Ni dai yau ba hannun konseye zan ɗora masa ba. Miƙo mini sandata. Kwari da nisa, gwiwata kuma kun san ta. Idrisa, babur ɗinka na da mai?"

Idrisa ya ɗaga kai ya dube shi. Ya ce, "Da mai, Baba."

Nan ɗaki ya rikice. Maza suka taso suka kewaye su, wani na cewa a bari sai bayan zaɓe, wani na cewa a fara da maigari, matar Idrisa na kuka a kafaɗar wata. Halimatu ta san in aka lafa, kanta za a juyo: masu godiya da masu harara, kuma ba ta da ƙarfin ko ɗaya. Ba ta san ko zai ci zaɓe ba. Ita kanta ba ta san wa za ta jefa wa ba tukuna. Ba ta kuma san ko zai tako gidanta da yamma kamar yadda ya saba kowace Lahadi ba. Amma tun da safe ta jiƙa gero, kuma da rabonsa ta auna.

Ta ja mayafinta, ta bi jikin bango ta bayan mata, ta ɗauki takalmanta a hannu. Kafin wani ya waiwayo ya ce ina Halimatu, ta riga ta sha kwanar majami'a.